Masu dangi a Filifin, yaya kuke riƙe zumunci da su?

'Yar Malama (Kano):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san a cikinmu akwai 'ya'ya da jikokin malamai da ma'aikatan jinya 'yan Filifin da suka zo Najeriya aiki a shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya sa gwamnati take ɗauko ma'aikata daga waje. Mahaifiyata lissafi ta zo koyarwa, ta musulunta, ta auri babanmu, ta zauna har Allah ya yi mata rasuwa. Tana da rai ita ke waya da 'yan uwanta, mu sai dai a miƙo mana mu gaisa. Yanzu 'yar yayarta ta lalubo ni a Facebook, wai za su yi babban taron dangi a yankin Ilokos na arewacin Filifin cikin watan Mayu, har sun saka sunana a jerin jikoki. Ina so in je, amma gabana na faɗuwa. Wanda ya taɓa halartar irin wannan taro ya ba ni labari, don Allah.

Baban Biyu (Jidda):
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama. Ki je, 'yar uwa. Matata 'yar can ce, a nan Jidda muka haɗu, kuma na sha zuwa taron gidansu. Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne tsari. Suna da shugaban dangi, da sakatare, da ma'aji, duk zaɓarsu ake yi. Kowane gida yana da kuɗin da zai bayar, bayan taro ma'aji ta saka lissafin komai a zauren dangi na Messenger, har kuɗin ƙanƙara. Mu da muke ta fama da asusun zumunci a gida ya kamata mu ɗauki darasi.

Ranar taro kowane reshe da launin rigarsa. Zuriyar babban ɗan kaka ja, ta mai bi masa shuɗi, haka har kan auta. Za ki ga an kafa ƙaton ƙyalle an zana bishiyar dangi, kowa yana bi da yatsa yana neman sunansa. Sai wasannin yara, sai raba kyauta ta ƙuri'a, sai waƙa da makirfo har dare. Wannan waƙar ba a tsere mata, ko muryarki ta kwaɗo ce sai an miƙo miki.

Maganar abinci ce ke son shiri. Gasasshen alade, wanda suke kira lechon, shi ne sarkin tebur, kuma a Ilokos ko miyar ganye ta pinakbet sau da yawa ana jefa mata soyayyen alade. Ki faɗa musu tun yanzu, ba ranar ba. Surukata tukunya da ludayi sababbi ta saya ta ware mini, kifi da shinkafa da kayan lambu kuwa ba sa yankewa. Ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai a kan haka ba.

Ummu Sadik (Kaduna):
Ni dai zan faɗi tawa ko da ba za ta yi daɗi ba. Na je, kuma na dawo da nauyin zuciya. An karɓe ni hannu bibbiyu, ba na musu, amma da an gama gaisuwa sai su koma yarensu na Ilokano, ni kuma ko Tagalog ba na ji balle shi. Wasu tsofaffi suka yi ta shafa gashina suna maganar launin fatata, ba da mugunta ba, amma ya ishe ni. Da na dawo kuma saƙonni suka fara shigowa: kuɗin makarantar wane, asibitin wance. A ganinsu duk wanda ke zaune a waje yana da hali, ba su san yadda naira ta koma ba. Yanzu mutum biyu kawai na riƙe a cikinsu, ƙanwar mamana da 'yarta, kuma hankalina ya fi kwanciya.

Baban Biyu (Jidda):
Gaskiya kika faɗa, Ummu Sadik, amma ai mu ma haka muke yi wa namu da ke Turai. Abin da ya fisshe ni shi ne na yanka wa kaina abin da zan iya a shekara, in bai wa ma'aji a fili, sai akwatin tsaraba da ake aikawa ta jirgin ruwa kafin Disamba. Roƙon bayan fage kuwa sai in ce a yi magana da uwargida, ita ta san wanda ke da buƙata da gaske.

Malamin Tarihi (Zariya):
'Yar Malama, tunda har kin samu waɗanda suka san mahaifiyarki, kin huta da rabin wahala. Jan hankalina ga sauran 'yan uwa ne masu bin mutane a Facebook don kawai sunan mahaifi ya zo ɗaya. A Filifin wannan ba hujja ba ce. A ranar 21 ga Nuwamba 1849 gwamnan mulkin mallaka na Sifaniya, Narciso Clavería, ya ba da umarni kowane gida ya ɗauki sunan dangi na dindindin, don sauƙin ƙidaya da karɓar haraji. Aka buga kundin sunaye aka rarraba wa larduna, aka riƙa raba wa mutane. Shi ya sa za ka tarar da gidaje masu suna ɗaya da ba su haɗa ko digon jini ba, kuma yawancin masu sunan Sifaniyanci ba su da kakan Bature ko ɗaya. A garin Oas na lardin Albay ma har yau sunayen gidaje da yawa da harafin R suke farawa, saboda shafin da ya faɗo musu ke nan.

Abin da ya taimake ni wajen gano dangin kakata shi ne sunan tsakiya. A tsarinsu sunan tsakiyar mutum sunan gidan mahaifiyarsa ne, don haka takarda ɗaya tana ba ka gida biyu, na uba da na uwa. Da wannan, da sunan garin haihuwa, sai ka nufi littafin baftisma na cocin garin. Limaman coci sun riga gwamnati fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kuma takardun gwamnati da yawa sun ƙone a yaƙin duniya na biyu, musamman a Manila a 1945. Shafin FamilySearch ya ɗauki hotunan irin waɗannan littattafai masu yawa, kyauta ake dubawa, sai dai tsofaffin da Sifaniyanci aka rubuta su, da rubutun hannu mai wuyar karatu.

Idan kin je, ki bar masu waƙa da waƙarsu, ki samu tsohuwar da ta fi kowa shekaru ki zauna kusa da ita da wayarki a kunne. Lola za ki kira ta, wato kaka. Abin da ke kanta babu shi a kowane littafi, kuma irinsu ba sa jiran taro na gaba.

Abu Hanan (Madina):
Namu ya ɗan bambanta, don iyalina 'yar ƙabilar Maranao ce daga birnin Marawi, Musulmi ne kaka da kakanni. Babu matsalar tukunya, kuma taron dangi a wurinsu biki ne da Sallah da zaman makoki. Suna riƙe salsala da muhimmanci ƙwarai, dattijo zai zauna ya jero kakanni ta uwa da ta uba, kuma da ita ake duba wanda ya cancanci sarauta. Yaƙin da aka yi a birnin daga Mayu zuwa Oktoba 2017 ya tarwatsa su, wasu Iligan, wasu Manila, gidan kakanninta ma ya rushe. Zauren Messenger ne ya riƙe su tun daga lokacin. Ni dai kullum sai na ga an tambayi yarana da sunansu.

'Yar Malama (Kano):
Na gode ƙwarai. Yaya batun gaisuwar nan da ake ɗora hannun babba a goshi? Da kuma biza, an ce mini 'ya'yan 'yar ƙasa ba sa buƙata.

Anti Nas (Abuja):
'Yata, gaisuwar ladabi ce kawai, kamar yadda kike durƙusa wa manya a gida. Ki yi wa mata da kawunnanki na jini, sauran maza ki ɗora hannu a ƙirji ki ɗan rusuna, za su gane. Ki riƙa ƙara "po" a ƙarshen magana in kina gaban babba.

Biza kuwa kada ki yarda da jita-jita. Sassaucin da ake yi wa iyalan 'yan ƙasa sai in kuna tafe tare da mahaifin da yake ɗan Filifin, kuma bai shafi mai fasfo ɗin Najeriya ba, mu dole mu nemi biza. Amma ga wata ƙofa: wajen zama ɗan ƙasa, tsarin mulkinsu na 1987 yana bin jini ne ta uba ko ta uwa. In mamanki ba ta bar zama 'yar ƙasar ba lokacin da ta haife ki, ki ɗauki tsohon fasfonta da takardar aurensu da ta haihuwarki ki je ofishin jakadancinsu a nan Abuja ki tambayi yadda ake rajistar haihuwa a makare. Abin yana cin lokaci, don haka ki nemi bizar ma a gefe.

Tsaraba wajibi ce, kuma kowa yana sa rai, har jariri. Atamfa da hula da jakunkunan fata na Kano suna burge su. Kada ki ɗauki kilishi ko dambun nama, a filin jirgi za a karɓe, ba sa barin shiga da nama. Mayu zafi ake yi sosai, ga gumi, kuma daga Manila zuwa birnin Vigan na Ilokos tafiyar kusan dare guda ce a bas, ki samu wanda zai tare ki. In za ki kira su ki tuna sun riga mu da awa 7, bayan azahar ɗinmu su sun yi shirin kwanciya. Ki aika wa ma'aji girman rigarki da wuri, ki ce mai dogon hannu kike so, tun kafin a kai wa mai bugawa.