Ɗalibaina sun haddace A da T, amma 5' da 3' sun gagare su

Ustaza, Gadarif: Assalamu alaikum malamai. Don Allah a ba ni shawara. Ɗalibai 140 ne 'yan shekarar farko, muhadara biyu kacal aka ware wa tsarin DNA. Na ɗauko musu tarihin gano shi tun daga masanin kimiyya Chargaff, na zo kan hoton DNA da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a 1952, na sauka kan Watson da Crick da suka bayyana siffar DNA a 1953. Na kawo tsanin kwali mai launi huɗu, na murɗa shi a gabansu. Kowa ya iya cewa haruffan DNA biyu-biyu suke haɗuwa tsakanin igiyoyinsa biyu, A da T, G da C. Amma da na ba su igiyar 5'-ATGCCA-3' (5' da 3' sunayen bakunan igiyar biyu ne) su rubuta abokiyarta, yawancinsu suka rubuta 5'-TACGGT-3'. Imtihani saura mako biyu.

Duktur, Madani: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tsanin ne ya ɓata miki aiki. Ƙafar tsani ko an kifa ta ɗaya ce, igiyar DNA kuwa tana da kai da gindi. Ki ajiye shi. Kowane ɗalibi ya zana sukarin da ke jikin igiyar da hannunsa, zobe mai kusurwa biyar, ya sa wa kabon lamba. Harafi a kan 1', babu OH (oksijin haɗe da haidurojin) a 2', akwai OH a 3', shi kuma 5' a wajen zoben yake, ɗauke da fosfet. Ya jera uku, fosfet na ɗaure 3' na wannan da 5' na mai bi masa. Kafin ya zana igiya ta biyu, ya juya takardar sama ta koma ƙasa. Da kansa zai rubuta 3'-TACGGT-5', wato 5'-TGGCAT-3'.

Malam, Mai Wurno: Ustaza, yaran nan da Larabci suka yi sakandare, idonsu daga dama yake fara karatu. Ki rubuta igiyoyin a tsaye, kibiya ɗaya ta dubi sama, ɗaya ƙasa. Mu da ke karɓarsu a shekara ta biyu mu muke shan wahalar: a zo kan gutsattsarin Okazaki, wato guntayen igiyar da ake samu lokacin kwafar DNA, a tarar ba wanda ya san inzayim ɗin da ke yin kwafin a kan 3' kaɗai yake ƙara harafi. Sai a dawo baya, a ce mu ne ba mu gama manhaja ba.

Hajiya, Kasala: 'Yar'uwa, kar ki yar da tsaninki, gyara shi za ki yi. Katin A da G ya fi na C da T tsawo, A da G zobe biyu gare su, kuma kullum dogo da gajere ke haɗuwa, sai su ga dalilin da faɗin bai wuce nanomita 2 ko'ina. Ki duba murɗin ma, na dama ne, kimanin haruffa goma da rabi a kowane zagaye. In da kwamfuta ki buɗe samfurin DNA mai lamba 1BNA a PyMOL, shirin kwamfuta mai nuna siffarsa. Mu dai nan wuta ba ta barin na'urar haska allo ta kai rabin awa.

Ustaza: Na gode. Amma ai na sa kibiyoyi a jikin tsanin, na baya ne ba sa hangowa. Tarihin kuma yana cikin manhaja, ba ni na ƙirƙiro shi ba. Zane 140 wa zai duba?

Duktur: Su yi musayar takarda, kowa ya duba ta maƙwabcinsa, minti ashirin ya isa. Kibiyar da ba a san dalilinta ba haddace ta za su yi. Kuma kar ki ce musu haɗin haidurojin kaɗai ke riƙe igiyoyin. Jeruwar haruffan kan juna, tazarar nanomita 0.34, ita ta fi ba da ƙarfi.

Hajiya: Haba Duktur, 'yan shekarar farko ne fa. Haɗin haidurojin biyu tsakanin A da T, uku tsakanin G da C, ya ishe su yanzu.

Duktur: Kuskuren da aka shuka a shekarar farko ba ya tuguwa, Hajiya.

Ustaza: Ni fa ban ce musu shi kaɗai ne ba. Lahadi nake da su, awa ɗaya, kuma ban taɓa RNA, 'yar'uwar DNA, ba tukuna.