Ɗaukar fim a fitattun wuraren Abuja: ina ya dace?

Ɗan Wuse: Salamu alaikum 'yan'uwa. Labarin fim ne na ɓarawon kayan tarihi da ake farauta cikin Abuja. Ina ya dace a ɗauka, kuma me ke kawo cikas?

Malamin Kyamara: Wa alaikumus salam. Ka kiyaye, Dutsen Zuma ba a Abuja yake ba, a Jihar Neja yake, kusa da Madalla. Na cikin birni shi ne Dutsen Aso, sai dai fadar shugaban ƙasa, majalisa da kotun ƙoli duk suna gindinsa, don haka jami'an tsaro ba sa barin a kafa kyamara babu takarda. Jirgi maras matuƙi kuwa sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya.

Hajiyar Tudun Wada: Ƙanena, wurin satar ka kai shi gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952. Can mutum-mutumin tsohuwar al'ummar Nok na gasasshen yumɓu suke. Gilashin akwatunan yana mayar da hasken fitila, sai a haska daga gefe.

Malamin Kyamara: Gaskiyarki, Hajiya. Masallacin Ƙasa kuma a guji ranar Juma'a saboda cunkoso. Daga Disamba zuwa Janairu hazo yana dusashe ƙubbar, bayan ruwan sama ta fi fitowa fes.