Hobie 16 ko Hobie Wave: wanne zai dace da tafkin Madarunfa?

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawararku nake nema, lamarin ya tsaya mini a rai.

Ina son sayen ƙaramin katamaran, wato kwalekwale mai jiki biyu a haɗe da iska ke turawa, in ajiye shi a tafkin Madarunfa, kudu da Maradi, don koya wa yarana tuƙi. Wana da ke Kwatano ya samo guda biyu na hannu.

Hobie 16 shi zuciyata ke so. Ƙyallen iska biyu gare shi, yana da gudu, amma ya kai kilo 145, kuma yawanci mutum biyu ke tuƙa shi. Jikinsa na faiba ne, in ya tsage ban ga mai gyara a nan ba. Wave ƙarami ne, ƙyalle guda, jikin roba mai jure karo, sai dai ina tsoron zai yi nauyin tafiya in iska ta kwanta.

Babbar damuwata kifewa ce. Da rani ruwan tafkin yana ja sosai, sandar ƙyallen tana iya cakewa cikin laka. Mutum ɗaya zai iya tayar da Hobie 16 shi kaɗai? Ga kuma tarun masunta, ba na son in yi musu ɓarna.

Don Allah wanda ya taɓa tuƙa ɗayansu a ruwa marar zurfi ya ba ni haske.