Wa ya cinye ungulayen mahauta?

Nura Gandun Daji: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar na turo maganar nan ko amsa sallama ba a yi ba, amma da aka saka hoton sabuwar motar wani, kafin la'asar sharhi ya fi a ƙirga. To zan maimaita, mai jin haushi ya ji. Wa ya ga ungulu a mahautar garin nan bana? A farkon 2024 wasu masana ƙarƙashin Phil Shaw na Jami'ar St Andrews da Darcy Ogada suka fitar da bincike a kan tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe har iri 42 na dazukan Afirka, su shaho, gaggafa, mikiya da ungulu. Iri 37 sun ragu, 29 daga cikinsu raguwar ta kai inda ake sa tsuntsu a jerin masu fuskantar ƙarewa, kuma nan Afirka ta Yamma abin ya fi muni. Ungulun nan tamu ta kwata tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a sahun waɗanda suka fi kusa da shuɗewa. Tsuntsuwar da ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, bokaye sun cinye ta muna kallo, ba mai cewa uffan.

Sabo Mai Sassaƙe: Wa'alaikumus salam. Nura, su wa kake kira bokaye? Fito fili.

Nura Gandun Daji: Masu sayen kan ungulu da ƙafarta da ƙwanta suna haɗa asiri, Yaya Sabo. Ban kama sunan kowa ba.

Sabo Mai Sassaƙe: Ka kama mana. A garin nan in aka ce masu kasa kayan magani a bakin kasuwa, kowa ya san gidan da ake nufi. Baba ya tsufa yana sayar da sassaƙe da saiwa, sabara, marke, tazargade, bai taɓa buga ƙasa ba, bai taɓa yi wa kowa duba ba. Ranar da shawara ta kwantar da kai kana yaro, a rumfarsa Inna ta karɓo maka jiƙo. Yau ka yi boko, mu mun zama bokaye.

Ustaz Jamilu: A yi haƙuri in shiga. Sabo yana da gaskiya ta wani ɓangare. Mai sayar da itatuwa daban, boka daban. Boka shi ne mai da'awar sanin gaibu ko mai aiki da aljanu, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Sai dai kada mu ɓoye gaskiya, ba masu jan ƙyalle da ƙahonni ne kaɗai ke wannan aiki ba. Akwai masu rawani da carbi da suke rubuta wa mutum ya nemo kan ungulu. Malaman tsibbu sun fi bokayen ɓarna.

Malam Tanimu Mai Allo: Ustaz, mun gane inda ka dosa. Duk hanyar da magana ta biyo sai kun karkato da ita kan masu allo. A tsangayarmu aka yi maka saukar izu biyar kafin ka tafi inda ka tafi. Kawo sunan malami ɗaya a garin nan da ya taɓa aiken almajiri neman ungulu.

Ustaz Jamilu: Allah gafarta Malam, ban ce tsangayarku ba. Na ce tsibbu.

Malam Tanimu Mai Allo: A bakinku rubutun sha ma tsibbu ne. Ba yau muka fara jin wannan ba.

Kamalu Mai Caji: Ni dai a ganina tun da aka kakkafa eriyoyin waya tsuntsaye suka gudu. Wani direba kuma ya ce min ya gan su rututu a hanyar Yankari. Ƙila can suka koma, ungulu ta koma gidanta na tsamiya kawai.

Dakta Hadiza: Kamalu, bar batun eriya, har sheƙa wasu tsuntsaye ke yi a kanta. Don Allah jama'a ku bari a ji abin da yaron nan ke faɗa, don ya shafi lafiyarmu. Ungulu in ta sauka a kan mushe, kafin ya fara zagwanyewa ta gama da shi, kuma ruwan cikinta yana da tsamin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ta haɗiya. A Indiya an ga abin da rashinta ke jawowa. Daga tsakiyar shekarun 1990 makiyaya suka riƙa yi wa shanu allurar diclofenac, maganin ciwon jiki. Duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa, ƙodarta ta lalace. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu irin suka mutu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, ana jefa wani a ruwa, karnuka marasa gida suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnatinsu ta hana ba dabbobi maganin. A 2024 wasu masana biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka yi lissafi cewa rashin ungulun ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan dubu 500 tsakanin 2000 da 2005. Mu da ake yar da mushen jaki a bayan gari kusa da kududdufin da yara ke wanka, wannan ba labarin nesa ba ne.

Sabo Mai Sassaƙe: Dakta, da girmanki, ba Indiya muke ba. Ni kalma ɗaya nake so ya janye.

Maman Sadiya: Wallahi Sabo ka cika ɗaukar zafi. Wanda bai ci nanin ba, nanin ba ta cin shi.

Sabo Mai Sassaƙe: Anti, ai dole ki ce haka, ɗan yayarki ne. To tunda lissafi ake so, ƙanena da ke kwaleji ya nemo min. Ita wannan Ogada da Nura ke taƙama da ita, a wani binciken da suka fitar tun 2015 sun tattara mutuwar ungulaye sama da dubu bakwai a ƙasashe 26. Kashi 61 guba ce ta kashe su. Cinikin magani kashi 29 ne. Wayar lantarki kashi 9. To Malam Nura, me ya sa ka tsallake 61 ka dira a kan 29? Saboda masu 29 talakawa ne marasa baki, masu sayar da gubar kuwa alhazai ne masu shaguna a bakin titi.

Alhaji Bala Shugaban Zaure: Sabo, yi a hankali. Ba guba muke sayarwa ba, maganin feshi da maganin ƙwari na gona muke sayarwa, da rajistarsu da komai. In wani ya saya ya aikata ɓarna, ba ruwan mai shago. Mai sayar da wuƙa ba shi ne mai kisa ba.

Nura Gandun Daji: Yaya Sabo, alƙaluman nan gaskiya ne amma ka karanta rabi. Yawancin gubar nan a gabashi da kudancin Afirka ne, inda makiyayi ke barbaɗa wa mushen saniya magani don ya kashe zaki ko kura, ko masu kashe giwa su sa wa gawarta guba don kada jewar ungulu ta tona wa masu gadin daji inda suke. A Botswana a 2019 ungulaye 537 suka mutu a kan gawar giwaye uku. Mu nan yamma dalilin daban ne, ana sa gubar ne don a samu kawunan. A Gini Bisau a 2020 sama da ungulaye dubu biyu aka tsinta a mace, da yawansu an guntule musu kai. Wa ya guntule? Zaki? Kuma da aka bi kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ana ƙirga gawarwakin irin waɗannan tsuntsaye da aka kasa, kusan kashi uku cikin huɗu a Najeriya aka same su.

Sabo Mai Sassaƙe: A Najeriya, ba a rumfar Baba ba. Ka je kasuwannin kudu ka ga inda ake kasa su jeri-jeri.

Isuhu Maraɗi: Ku yi haƙuri 'yan Najeriya, kudu na saye amma wa ke kai musu? Mu nan mun san masu zuwa. A 2014 akwai wata farar angulu da aka ɗaura ma na'ura tun daga ƙasar Girka, suna ce mata Paschalis. Ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara lafiya lau, ta sauka nan Nijar, sai ga maharbi ya taso daga Najeriya ya kashe ta. Kun cinye naku kun dawo kan namu.

Kamalu Mai Caji: Kai Isuhu, to jami'an gandun dajinku barci suke? Ku da ko buhun shinkafa ba ya wuce ku a kan iyaka.

Isuhu Maraɗi: Shinkafar ma ku ke zuwa nema.

Garba Ɗan Sarkin Fawa: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ni a kwata aka haife ni. Da can in an yi fiɗa, jini malala yake a kwalbati, tumbi a juye shi a bayan katanga, guntun hanji da fatar kunne a watsar. Kan rimin da ke bakin rijiya baƙi ƙirin yake da su tun hantsi, har sai yaro ya tsaya da sanda a kan tire. Yanzu fa? Jinin tarar shi ake a durom, a dafa a shanya a sayar wa masu abincin kaji. Ƙashi da ƙaho da kofato duk da masu zuwa da mota su auna. Kashin tumbin ma masu lambu sun yi kamun shi. Me za ta sauka ta ci? Rimin kuma an sare shi, an gina shaguna a wurin. Ba boka, ba malam, yunwa ce da rashin wurin kwana.

Nura Gandun Daji: Baba Garba, wannan ma yana ciki, masanan sun ambaci sare manyan bishiyoyi da mayar da daji gona. Shi ya sa raguwar a wajen gandun da ake karewa ta ninka ta ciki fiye da sau biyu.

Sabo Mai Sassaƙe: Ah to! Da bishiya da gona da guba duk suna ciki, amma bokaye kaɗai bakinka ya iya furtawa.

Malam Tanimu Mai Allo: Ni tambayata ɗaya ce. Su waɗannan Turawa, sun zo garin nan sun ƙirga ne?

Nura Gandun Daji: A'a Malam. A mota ake bin hanya ana ƙirga duk tsuntsun da aka gani, a kwatanta da abin da aka ƙirga a hanyoyin tun daga 1969. An yi a Nijar, Mali, Burkina Faso, arewacin Kamaru, Kenya da Botswana.

Malam Tanimu Mai Allo: Wato babu Najeriya ma a ciki. An yi mana ungulu da kan zabo ke nan.

Dakta Hadiza: Malam, Nijar da Kamaru sun saka mu a tsakiya, kuma tsuntsu ba ya nuna fasfo. Ka ɗaga kai gobe a kwata ka ƙirga da kanka. Sabo kuma, gidauniyar kare halittu ta Najeriya, NCF, da masu maganin gargajiya take zama a kan wannan batu, ana neman itatuwan da za su maye gurbin sassan ungulu. Da ba ruwan sana'ar da abin, da ba a gayyace su ba. Ba cin mutunci ba ne.

Sabo Mai Sassaƙe: Su masu maganin gargajiya suka ce, ba su ce bokaye ba. Kin ga bambancin mai tarbiyya.

Maman Sadiya: Kul, Sabo! Tarbiyyar wa kake taɓawa?

Ustaz Jamilu: Har yanzu ba a amsa min ba. Masu sayen nan su wane ne? 'Yan caca da 'yan siyasa masu neman sa'a, an ce musu ungulu na hango abin da ke nesa. Wa ya faɗa musu haka in ba masu tsibbu ba?

Malam Tanimu Mai Allo: 'Yan siyasar ai a sahun gaba suke a masallacinku.

Alhaji Bala Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. A matsayina na shugaba ga abin da aka cimma. An yarda ungulu ta ragu, amma binciken ba a ƙasarmu aka yi shi ba, don haka ba za mu ɗora wa kowa laifi a garin nan ba. Babban dalili shi ne wanda Garba ya kawo, canjin zamani da sare itatuwa, sai kuma masu kai su kudu, waɗanda baƙi ne ba 'yan gari ba. Nura yaro ne mai ƙoƙari amma ya yi saurin baki, ya ba Sabo haƙuri gobe. Maganar tsibbu a kai ta wani zauren. 'Yan kasuwa masu neman halak kuma a daina jefa su cikin abin da ba su sani ba.

Dakta Hadiza: Alhaji, ranka ya daɗe, kashi 61 ɗin fa? Ban ga guba ko sau ɗaya a bayaninka ba, kuma ana auna garin maganin nan a ƙullin leda a sayar wa duk wanda ya miƙo kuɗi.

Isuhu Maraɗi: Baƙin da ake faɗi kuma, mu nan baƙinmu ku ne.

Sabo Mai Sassaƙe: Ba gobe ba, yanzu zai janye, a nan inda ya faɗa.

Alhaji Bala Shugaban Zaure ya sauya tsarin zaure: shugabanni kaɗai ke iya turo saƙo.