Wai me ya hana duniya rabuwa da fetur da kwal ne har yanzu?

Ɗan_Tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a kai, nace bari in kawo nan ko masana za su warware min. Tun 1954 aka ƙera faifan sola na farko mai ba da wuta ta kirki a Amurka, motar lantarki kuwa ta ma riga shi zuwa duniya, don a wajajen 1900 kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya. Rana kyauta ce, iska kyauta ce, babu mai rufe musu famfo ko ya sa musu takunkumi. An zauna a Kyoto a 1997 kan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya an sa hannu, an sake zama a Faris a 2015 an yi ta tafi, amma har yau kusan kashi 80 cikin 100 na makamashin duniya daga fetur da gas da kwal yake fitowa, ganga wajen miliyan 100 ake zuƙewa kullum ta Allah. Toh wai meye matsalar ne? Fasahar ce ba ta kai ba, ko kuɗi ne, ko dai masu mai ne suka danne abin? Ni dai zuciyata ta fi karkata ga na ƙarshen nan, ruwa ba ya tsami banza.

Injiniya_Wayoyi:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kafin a kai ga masu mai bari in fara da ɓangaren da na fi sani. Mutane da zarar an ce makamashi sai su tuna ƙwan fitila da cajin waya, alhali wutar lantarki gaba ɗayanta kusan kashi 20 ne kacal cikin 100 na makamashin da ake amfani da shi, sauran duk ƙonawa ake yi kai tsaye, a injin mota da tirela da jirgi da tukunyar masana'anta da murhun girki. Yanzu ko yau ka wayi gari duk tashoshin wutar duniya sun koma sola, ka ga da sauran babban aiki a gabanka.

Ɗauki siminti. Tukunyar da ake gasa shi sai ta kai zafin digiri 1450, kuma abin haushin ma fiye da rabin hayaƙin da ke fita ba daga man da aka ƙona yake ba, daga jikin dutsen farar ƙasan ne kansa idan ya gasu, wato ko da me ka hura wutar sai ya fitar. Ƙarfe kuma wajen kashi 70 na wanda ake yi a duniya da gasasshen kwal ake narka shi, kwal ɗin ba zafi kawai yake bayarwa ba shi ne yake cire iskar da ke maƙale a jikin tama har ya zama ƙarfe. Sai takin zamani wanda shi ne ya fi ba ni tsoro, tun 1913 da Jamusawa suka fara haɗa shi a masana'anta, yau mafi yawansa da gas ake yi, kuma kusan rabin mutanen duniya abincin da suke ci da wannan takin aka noma shi. Wa zai tashi yace a daina gobe?

Sannan fetur wlh abu ne mai wuyar kayarwa ta wajen nauyi. Ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na fetur ya ninka na kilo ɗaya na batirin mota sau 40 zuwa 50. Gaskiya ne injin fetur yana zubar da kusan kashi uku cikin huɗu a matsayin zafi, motar lantarki kuwa kaɗan take asara, shi ya sa a ƙananan motoci batir ya fara cin kasuwa. Amma jirgin sama fa? yana tafiya yana shan mai yana rage nauyi, batir kuwa ko ya mutu murus nauyinsa na nan daram sai ka sauka da shi.

Ga kuma maganar magariba. Daidai lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna komai, daidai nan rana take faɗuwa, kuma wutar layi ba ta jira, abin da aka samar a wannan daƙiƙar shi ake sha a wannan daƙiƙar. Manyan batira suna iya riƙe maka awa huɗu ko makamancin haka, amma sati biyu na hunturu a Jamus babu rana babu iska fa, dole a tada tashar gas. Kuma inda rana da iska suka fi ƙarfi yawanci nesa yake da manyan birane sai an ja sabbin manyan wayoyi, jan wayar nan kan ci shekara goma saboda takardun izini da rigimar masu filaye, a Amurka yanzu haka ayyukan da ke layi suna jiran a jona su sun fi duk tashoshin da ƙasar take da su yawa.

Mai_Gaskiya_Ɗaci:

Injiniya da girmanka, duk abin da ka faɗa haka ne amma ka wanke mutanen nan tas kamar ba su da hannu. Ɗan_Tambaya bai yi ƙarya ba. A 1977 masanin kamfanin mai na Exxon da kansa ya tsaya gaban manyan kamfanin ya gaya musu ƙona man nan zai ɗumama duniya, suka yi nasu binciken lissafinsu ya fito daidai, sannan a shekarun 1990 aka riƙa zuba kuɗi ga ƙungiyoyin da aikinsu kawai su sa wa jama'a kokwanto, sai a 2015 'yan jarida suka tono takardun. Shekara nawa aka yi asara kenan? Da tun lokacin aka zuba kuɗi a binciken batir da sola ai da matsalolin da kake lissafowa an ci rabinsu.

Kuma ka duba siyasa. Jimmy Carter ya sa faifan ɗumama ruwa da rana a saman fadar shugaban Amurka a 1979, a 1986 zamanin Reagan aka sauke su, shekarar da farashin mai ya faɗi warwas kowa ya manta da wahalar man 1973 lokacin da ƙasashen Larabawa suka sa takunkumi. Haka abin yake tafiya, mai ya yi tsada a tuna da rana, ya yi araha a watsar. Aramco, kamfanin man Saudiyya, shi kaɗai ribar da ya ci a 2022 dala biliyan 161 ce. Iraƙi wajen kashi 90 na kuɗin shigar gwamnatinta daga mai ne. Ka ce wa irin waɗannan su zo a zauna a tsara yadda za a daina sayen hajarsu? Ai shi ya sa sai a zama na 28 na taron sauyin yanayi, a Dubai 2023, aka iya rubuta cewa a fara janyewa daga fetur da gas da kwal gaba ɗaya, kuma wanda ya shugabanci zaman shugaban kamfanin man ƙasar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne, abin dariya abin takaici.

Hajiya_Lissafi:

Ku biyun kowa ya riƙe gefe guda, ni kuma bari in kawo maganar kuɗi don nan ne nake ganin abin ya fi cijewa. Sola ta yi araha ba musu, tsakanin 2010 da 2020 farashinta ya sauka da kusan kashi 90 cikin 100, batir ma haka. Amma yadda ake biyan kuɗin ne daban. Tashar gas za ka gina da kuɗi madaidaici sannan ka riƙa sayen gas a hankali kana sayar da wuta kana biya, sola kuwa kuɗin wutar shekara 25 ne za ka zube rana ɗaya tun kafin ka ga ko ƙyalli. Kamar mai haya ne da mai ginin gida, kowa ya san ginin ya fi sauƙi a ƙarshe amma wanda ba shi da dunƙulallen kuɗi haya zai ta biya har tsufa. Toh dunƙulallen kuɗi bashi ne, bashi kuma kuɗin ruwa ne, kuma ƙasashe masu tasowa kuɗin ruwan da ake ɗora musu kan irin wannan aiki ya ninka na Turai sau biyu ko uku. Faifai iri ɗaya, ranar ma ta fi ƙarfi a wajen matalautan, amma wutar ta fi tsada a wajensu. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa rance ne ba kyauta ba.

Na biyu kayan da aka riga aka gina. Tashar kwal tana yin shekara 40 zuwa 50, na Asiya kuwa yawancinsu ko shekara 20 ba su kai ba, bankunan da suka ba da bashin ginawa ba su gama karɓar kuɗinsu ba. Ga matatu ga bututu ga gidajen mai ga motoci fiye da biliyan ɗaya a kan titi, ga makanikai da direbobin tanka da masu haƙar kwal da garuruwan da kaf rayuwarsu a kan ramin kwal ɗin take. Duk waɗannan suna da ƙuri'a.

Kuma ƙanena Mai_Gaskiya kar ka ɗora wa kamfani shi kaɗai, mu ma masu saye muna ciki. A 2022 tallafin da gwamnatoci suka zuba don mai da gas da wuta su yi sauƙi ya haura dala tiriliyan 1. A Faransa 2018 ƙarin haraji aka yi wa dizal da fetur da sunan kare yanayi, masu rigunan ɗorawa suka rufe tituna har gwamnati ta janye. Ban ga laifinsu sosai ba, mutumin ƙauye da ba shi da jirgin ƙasa a ƙofar gida shi aka fara matsa wa. Wahalar canji yau ake jin ta a aljihu, amfaninta sai nan da shekara talatin, ɗan siyasa kuma zaɓensa shekara huɗu ko biyar ne.

Ɗan_Tambaya:

Kai jama'a na gode, Allah ya ƙara ilimi. Hajiya maganar kuɗin ruwan nan ta shige ni sosai. Amma toh in haka ne duk labarin da muke ji wai Chaina ta cika hamada da sola, Norwe kowa ya koma motar lantarki, duk burga ce kenan?

Injiniya_Wayoyi:

A'a ba burga ba ce ko kaɗan. Chaina ke ƙera fiye da kashi 80 na faifan solar duniya, a 2023 kaɗai ta kafa sama da gigawat 200 (gigawat ɗaya kamar ƙarfin babbar tashar wuta guda ne). Sai dai ita ɗin ce kuma take ƙona fiye da rabin kwal ɗin duniya, kuma a 2022 kwal da duniya ta ƙona ya wuce tan biliyan 8, kafin nan ba a taɓa kai haka ba a tarihi. Abin da ke faruwa shi ne buƙata tana ƙaruwa, Indiya na gina birane, mutane na sayen na'urar sanyaya ɗaki, a Afirka mutum wajen miliyan 600 ma ba su samu wutar ba tukuna, sai sabon makamashin ya tafi wajen cike ƙarin maimakon ya ture tsohon. Da ma can haka aka saba, fetur ya sha gaban kwal tun shekarun 1960 amma kwal bai ragu ba ƙaruwa ya yi, itace ma har yau ana ƙona shi.

Norwe kuwa a 2024 kusan mota 9 cikin 10 sabbi da aka sayar na lantarki ne, amma ku tuna mutum miliyan biyar da rabi ne, wutarsu kusan duk daga madatsun ruwa take, sun yafe wa motocin haraji shekara da shekaru, kuma mai da gas ɗin da suke haƙowa suna sayar wa wasu shi ya ba su wannan sararin. Duk da haka in ka tsaya bakin titi ka ƙirga, masu dizal da fetur sun fi yawa har yanzu don mota sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta mutu.

Mai_Gaskiya na yarda da kai a abu ɗaya, in gwamnati ta tsorata da gaske abin yana sauri. Bayan takunkumin man 1973 Faransa ta ga ba ta da mai, a 1974 ta yanke shawarar nukiliya, cikin shekara 15 mafi yawan wutarta ta koma can, har yau wajen kashi biyu cikin uku ne. Jamus kuma bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011 ta bi ta ɗaya hanyar, ta rufe tashoshin nukiliyarta uku na ƙarshe a Afrilun 2023 alhali tashoshin kwal na ci, ni dai wannan har gobe ban ga hikimarsa ba.

Mai_Gaskiya_Ɗaci:

Toh Injiniya kar ka jawo mana rigimar nukiliya nan, wannan sai an buɗe mata nata zauren. Amma tunda ka kawo Faransa, sabuwar tashar da suka fara ginawa a Flamanville a 2007 da niyyar gamawa a 2012, sai ƙarshen 2024 aka jona ta da layi, kuɗin kuma ya ninka wajen sau huɗu. Hajiya zo ki lissafa mana kuɗin ruwan shekara 17 ɗin nan.