Ina Waƙar Fim Ta Yi Ƙaura? Musayar Baitoci Mai Amsa-amon "Ra"

Baba Na-Fagge:
Assalamu alaikum. Jiya da daddare jikokina suka zaunar da ni kallon shiri mai dogon zango, kashi huɗu a jere, ban ji waƙa ko ɗaya ba sai wadda ake buɗe shirin da ita. Da abin na kwana a raina. Ga ƙwar huɗu nan, babban amsa-amo "ra". Wanda ya sake shi zai sayi goro.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Jiya na ga abin da ya ban mamaki,
Awa uku cur muna zaune a ɗaki,
Ina jiran waƙa, ba a ko fara.

Ni ɗan Fagge ne, Plaza ta san ni,
Kuɗin tikiti tun safe ya dame ni,
Dharmendra in ya fito sai a riƙe ni,
Silima ba rufi, sama ke ɗaukar ƙara.

Sai Tumbin Giwa suka zo da nasu,
Turmin Danya, Hausa zalla a bakinsu,
Kaset ya bi mata har ɗakunansu,
Tsakar gida ta zam silima, tabarmi an jera.

Da Sangaya ya zo, ni ne mai faɗa,
Na ce na Indiya ne wannan kiɗa,
Ina kalangu? Ina 'yan matan gaɗa?
Na kashe bidiyon, na kori yara.

Yau ga shi an cire, ni ne ke nema,
Kamar mai ƙin tuwo ya kwana da hamma,
Ku 'yan zamani, ga fili ga dama,
Ku gaya min, waƙar fim ina ta yi ƙaura?

Don 'yan baya: Turmin Danya, fim ɗin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa, a 1990 ya fito, Sangaya kuma a 1999, da Ali Nuhu da Fati Muhammad.

Mai Cajin Waya:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ni ne mai shagon da ke bayan layinku, kusa da mai shayi.

Baba sannu, Allah ya ja da kwana,
Shagon caji nake, nan ne wurina,
Waya saba'in kan kwana a teburina,
Abin da ake so, ni ne ke tura.

Ba mai zuwa ya ce a sa masa rawa,
Sai "Labarina ya fito? Na nawa?"
"Izzar So fa, an saki sabo kuwa?"
Layi har bakin kwata, kowa na jira.

A da rabin fim rawa ce da tsalle,
A sauya kaya sau biyar, a sha lalle,
Ana cikin kuka sai labari ya ɓalle,
A faɗa lambu ana juyi gaban kamara.

Yanzu labari ke kama mutum,
Baba Ɗan Audu ya ishe ka kullum,
Ka tsane shi, ka so shi, ka zauna jugum,
Wannan aikin Rikadawa ne da Saira.

Kwana Casa'in ya tuɓe 'yan siyasa,
Jihar Alfawa tamkar taka ƙasa,
Asibiti ba magani, manya na wasa,
Rawar lambu ta taɓa kawo wannan gyara?

Uwar Biyu:
Kai ɗan nan, dakata. Ka yi maganar mai sayarwa, bari mai saye ta yi tata.

Ka yabi dogon zango da yawa,
Kai ke karɓar kuɗi, mu ke bayarwa,
Datar wata a mako take ƙarewa,
Na rage kuɗin cefane don in ƙara.

Minti arba'in: goma tunin na baya,
Goma tallan fili da sinadarin miya,
Goma Alhaji na gyara mota, yana juya,
A goman ƙarshe a ce mako na gaba mu tara.

Ran nan na ɗora shinkafa da wake,
Na jingine waya da tulu ina yanke-yanke,
Ƙauri ya game gida, ashe na yi sake,
Maigida ya dawo, daren nan sai fura.

Kuma a wayi gari an sauya Sumayya,
Wata fuskar daban, sunan dai ɗaya,
A ce ka haɗiye, ita ce, ba jayayya,
Ko ɗan goye ya gane wannan dabara.

Amma Baba, rawar ban yi kewarta ba sosai,
Da can in ta zo muna zaune da surukai,
Sai neman rimot, kowa ya sunkuyar da kai,
Yanzu da Inna muke kallo cikin sutura.

Baba Na-Fagge:
'Yata, Allah ya mai da shinkafar da ta ƙone,
Ni ma a kan Samanja na taɓa yin asara.

Kekena na jingine a ƙofar gidan da ke da talabijin a unguwarmu, ina leƙe ta taga tare da yara ana Samanja Mazan Fama na NTA Kaduna. Aka gama, na juyo, ba keke ba alamarsa. A ƙasa na koma gida ina dariyar Hausar barikin nan tasa. Usman Baba Pategi ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansa.

Mai Cajin Waya:
Baba, ka kama kanka, Samanja bai yi rawa ba,
Dogon zango jikansa ne, tsohon zane muka ɗaura.

Mai Fiyano:
Ku matsa min, wannan gonata ce. Shekaru na yi ina buga fiyano a situdiyo, tun lokacin da mujallar Tauraruwa ta raɗa wa sana'ar suna Kannywood a 1999.

Baba, tambayarka ni ke da amsa,
Na ci abinci da fiyano, ba wasa,
A titin gidan Zu muka sha gasa,
Yamaha ɗaya ke yin kalangu da tambura.

Sau da yawa waƙa ke riga labari,
Furodusa ya faɗo da kuɗinsa da sauri,
Ya ce a yi uku masu zafi da ƙwari,
Marubuci daga baya ya san yadda zai tsara.

Murya ta Misbahu ce da Rabi Mustafa,
Jarumi mamin yake, yana ɗaga ƙafa,
Shi ke shan yabo, mu muna shan zufa,
Muna bayan labule, ba mai kira.

Dillalin Ƙofar Wambai na neman riba,
Labarin fim bai dame shi ya ji ba,
Tirela in ta yi waƙa, kuɗi zai zuba,
In babu, kaset ɗinka ya kwana a shara.

Ga hukumar tace fim tun 2001,
Almakashinta na kan rawa da kaya,
Furodusa ya gaji da zuwa ana jayayya,
Ya ce a bar rawar, kuɗinsa su tsira.

Sai faifai ya mutu, masu turi suka gaje,
Kasuwa ta watse, dillalai suka yi waje,
YouTube ya zo da tasa hajar ya baje,
Kowane mako sabon kashi ake ɗora.

Wa zai iya ɗaukar rawa duk mako?
Ɗinki kala biyar, ga 'yan rawa a ɗauko,
Sai a yi waƙa ɗaya a liƙa a farko,
Ita za ka yi ta ji har ƙarshen shekara.

Waƙar ba ta mutu ba, gida ta sake,
Tana gidan biki, can muke, can take,
Tana TikTok, tana motar kamfen a girke,
Jarumar Mata ba ta jira fim ba ta yi nasara.

Ta Hamisu Breaker nake nufi, ta 2020, lokacin da korona ta kulle kowa a gida. A shekarar ce kuma Labarina ya fara fita. Ku haɗa biyun za ku ga inda hanya ta rabu. Shekarar cikin baitina kuwa ku karanta ta da baki, dubu biyu da ɗaya, kar wani ya ce na saki ƙaramin amsa-amo.

'Yar Maraɗi:
Ina kwana Baba, ina kwananku duka. Daga Nijar nake, na jima ina karatu ban tanka ba.

Baba, ina gaisuwa daga Maraɗi,
Mu nan waƙar fim ta yi mana daɗi,
Ta ƙetare iyaka ba fasfo ba kuɗi,
Ta bi ta Jibiya da Ɗan Isa ta haura.

Kar Kano ta ce ita kaɗai ta yi,
Fati Nijar tamu ce, muryar nan mai sanyi,
Daga nan ta tafi ta ɗauki nauyi,
Amare nawa da waƙarta aka aura?

Daren da aka kai ni, ina ta kuka,
Ƙawata ta kunna rediyo, ta ce bar haka,
Fim ɗin na manta shi, har sunansa duka,
Amma har yau ina jin muryar Nura.

Kai mai caji, faɗa min tsakani da gaskiya,
Shirin da ka tura, kashi na ɗari da ɗaya,
Wa ke tuna shi yana tafe a hanya?
Waƙa ake rerawa, ba a rera hira.

Nura M. Inuwa nake nufi. Ko jiya ina daka na tsinci bakina yana bin ta, ɗiyata tana kallona kamar na zautu.

Mai Cajin Waya:
Anti, kin harbe ni, amma ban faɗi ba,
Waƙar Labarina ba ki ji ta a waya ba?
Sarkin Waƙa ya yi ta, ba a yi rawa ba,
Rabin wayoyin shagona da ita suke ƙara.

Mai Fiyano ya ce mu muka ci kasuwa,
Yaya, kafin a haife ni ake kwafewa,
Ɗan abin da na samu janareto ke shanyewa,
In ban tura ba, na gaba da ni zai tura.

Ɗan Zango:
Salamu alaikum daga Gana. Ban iya waƙa kamar ku ba, a yi min haƙuri.

Gaisuwa daga Kumasi, daga Zangonmu,
Fim ɗin Kano ke wanke Hausar yaranmu,
Tonanci da Turanci sun cika bakinmu,
Daɗin Kowa ke tsare mana abin da ya yi saura.

Na ga Mai Martaba, na ga Adam Zango,
Dawaki da rawuna, fada da bango,
Rikicin gadon mulki, ba amarya da ango,
Sarauta zalla, an ɗauke shi a Daura.

Shi aka tura Oscar da sunan ƙasa,
Bai kai zagayen ƙarshe ba, amma ya yi nisa,
Harshen Hausa ya leƙa can bisa,
Ni dai ranar na kwana da murna.

A 2024 ke nan Najeriya ta zaɓe shi.

Baba Na-Fagge:
Ɗan Zango, ka karya doka, murna ba "ra" ba ce,
Goro a ƙasarku yake, ƙwarya guda ce tara.

Fari nake so, kar ka aiko min da ja.

Ɗan Zango:
Na karɓa, Baba. Kakanninmu ma goron ne ya kawo su nan, ba zan yi gardama ba.

Uwar Biyu:
Ku bar batun Oscar, ku leƙo gidana,
Indiya-Hausa ke mulki wurin yarana,
Algaita ta sa Ba'indiye karin magana,
Waƙa na zuwa, yatsa gaba zai zura.

Algaita, masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, nake nufi. Ka ji ko, Baba? Har na Indiyan ma tsallake waƙar suke yi, faɗan kawai suke jira. Ƙaramin ya haddace maganar bos kaf, amma Ƙulhuwallahu sai an ja shi.

Baba Na-Fagge:
Mai Fiyano, ka ba ni dalili,
Ashe ciniki ne ya sauya hali,
Na zaci faɗanmu ne ya share fili,
Ashe aljihu ne ya yanke shawara.

'Yar Maraɗi, baitinki ya fi goro,
Kin tuna min Ahmad S. Nuhu yana yaro,
Da waƙoƙin barkwancin marigayi Ibro,
Allah ya yi musu rahama da gafara.

Kai kuma ɗana mai shagon caji,
Gobe zan aiko jikana Alhaji,
Ka sa min Sangaya, kar Hajiya ta ji,
Ni na kashe mata shi, kar ta yi min tijara.

Mai Cajin Waya:
Baba, turo shi da safe, naka kyauta ne,
Hajiya ta riga ka, nata na tura tun bara.