Mamane da ƙasar Gondwana: habaici ne ko tsoro?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum jama'a. Yau zan tayar da ƙura, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri. Jiya da dare muna fada ana shan shayi aka kunno maimaicin shirin Mamane na Canal+, majalisar nan tasu ta dariya. Kowa na ƙyaƙyatawa, har mai dafa shayi ya kusa kifar da buta, ni kuwa wani abu ya tsaya mini a rai. Tun 2009 mutumin nan yake yi wa masu mulkin Afirka ba'a a gidan rediyon RFI, amma sai ya ƙirƙiro wata ƙasa da babu ita a taswira, wai Gondwana, ya naɗa mata shugaba marar suna, a kansa yake sauke komai. Ni a wurina tsoro ne aka yi wa kwalliya. In kana da magana da mutum, kira sunansa.

Bakano: Wa alaikumus salam. Ku yi mana bayani tukuna, mu nan ba mu jin Faransanci. Wane ne Mamane?

Malama 'Yar Maraɗi: Ɗan Nijar ne, haifaffen Agadas a 1966, sunansa na yanka Mohamed Mustapha. Mahaifinsa ma'aikacin diflomasiyya ne, don haka ya tashi a ƙasashe daban-daban. Karatun kimiyyar tsirrai ya kai shi Faransa, sai ya ɓuge da barkwanci irin na mutum ɗaya ya tsaya da makirfo gaban jama'a. A 2006 ya fito a Jamel Comedy Club, shirin talabijin na Jamel Debbouze, daga nan aka san shi. Ƙasar da Ɗan Damagaram yake faɗa, cikakken sunanta in an juya shi da Hausa, Jamhuriya Mai Matuƙar Matuƙar Dimokuraɗiyya ta Gondwana. Tun daga sunan ma an fara tsokana.

Baffa Mai Rediyo: Ɗana Ɗan Damagaram, zauna in tambaye ka. Da kana yaro ba ka taɓa zuwa biki ka ji zabiya ta saki habaici ba? Ba ta kama sunan kowa, amma sai ka ga wata mata a can gefe ta gyara ɗaurin ɗankwali ta tashi ta fice. Wa ya gaya mata da ita ake? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Haka mawaƙan fada suke yi wa ɗan sarkin da ke harin sarauta, haka 'yan kama suke yi wa malamai. Ba mu taɓa kiran wannan tsoro ba, gwaninta muke ce masa. Kuma dubi shekarar da ka ambata da bakinka, 2009. Shekarar tazarcen Shugaba Tanja na Nijar ke nan, aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Agusta, sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010. Kana nufin wanda ke zaune a Yamai a lokacin, yana jin labarin shugaban da ya ƙi sauka, sai an rubuta masa suna a allo?

Ɗan Damagaram: Baffa, Allah ya ƙara girma, amma misalinka ya taimake ni ne. Matar da ta fice daga biki tana da kunya. Waɗannan kuwa? Habaici yana ba wa marar kunya ƙofar fita. Na wannan ƙasa zai yi dariya ya ce da maƙwabcinsa ake, maƙwabcin ma ya ce da na gaba ake. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ku dubi Bassem Youssef na Masar. Likitan zuciya ne, ya ajiye aikinsa ya riƙa kiran Shugaba Mursi da sunansa a talabijin, yana sako bidiyon maganarsa ta jiya da ta yau don kowa ya ga tufka da warwara. Wannan shi ne namiji.

Malama 'Yar Maraɗi: Ƙarasa labarin mana, ƙanena. A Maris 2013 mai gabatar da ƙara ya kira shi kan zargin cin mutuncin shugaban ƙasa da na addini, sai da beli ya fito. A Yunin 2014, zamanin Sisi na shigowa, ya sanar da rufe shirin, daga baya ya bar ƙasar, yanzu Amurka yake. Shekara uku shirin ya yi. Mamane kuwa ya haura shekara goma yana abu ɗaya. Ba ina rage wa Bassem daraja ba ne, amma a ƙirga da wannan.

Kuma shugaban Gondwana ba marar suna ba ne gaba ɗaya. Laƙabinsa shi ne Shugaba Wanda Ya Kafa, kuma laƙabin da ake yi wa Mobutu ke nan a jam'iyyarsa ta MPR a Zayar. Duk wanda ya san tarihi ya gane rigar wa aka aro. Gondwana ɗin ma ba daga sama ya tsinto ta ba, sunan tsohuwar dunƙulalliyar ƙasa ce da masana suka ce Afirka da Indiya da Kudancin Amurka da Ostareliya duk daga jikinta suka ɓalle. Ɗalibin kimiyya ne fa, ya san abin da ya zaɓa.

Ɗan Damagaram: Daɗewa ai ba hujja ba ce, Yaya. Wataƙila ya daɗe ne saboda bai taɓa taka wa kowa ƙafa da gaske ba. To bari in fito da ta biyun, wadda ta fi damuna. Makirfon wa yake riƙe? RFI ta gwamnatin Faransa ce, Canal+ kamfanin Faransa ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka zauna a gidan Bature kana nuna masa tsiraicin danginka, shi kuma yana biyanka.

Alhaji Na Abija: A nan zan shigo, don wannan a gabana aka yi. Ni ina Abija ta ƙasar Kwaddibuwa shekara da shekaru ina sayar da yadi. Shirin majalisar nan da kake magana, tun 2016 ake nuna shi, kuma a nan garin ake ɗaukarsa. Mamane ne shugaban majalisa, mataimakansa Michel Gohou da Digbeu Cravate 'yan nan ƙasar, da Charlotte Ntamack 'yar Kamaru. Sauran masu barkwanci suna hawowa mumbari ɗaya bayan ɗaya a matsayin 'yan majalisa, daga ƙasashe iri-iri. Akwai telan da ke kusa da shagona, in shirin ya zo sai ya ɗaga ƙafa daga keke, yaransa su jeru a kan benci, mai jiran ɗinki ma ya manta da sauri yake. Yaran da a da ba su da inda za su nuna kansu sai wajen biki ko mashaya, yau ana kallonsu daga Dakar har Kinshasa. Ga bikin barkwancin da ya kafa a Abija a 2015. Da aski kawai ya zo yi wa Bature, da ya yi zamansa a Paris, ya fi masa sauƙi.

Malama 'Yar Maraɗi: Kuma Faransar ma ba ta tsira ba. Fim ɗinsa na 2017 a kan masu sa ido a zaɓe ne da aka turo Gondwana, cikinsu har da ɗan siyasar Faransa da zaɓen bai dame shi ba, cinikinsa ya kawo shi.

Ɗan Damagaram: Na yarda da ta Alhaji, ya buɗe wa matasa hanya. Amma buɗe hanya daban, faɗin gaskiya daban.

Bakano: Ni fa duk kun bar abin da ya fi ba ni mamaki. Mutum ɗan Agadas, amma ni da nake Kano sai yau na ji sunansa, alhali na san Trevor Noah da ya yi shekara bakwai yana caccakar 'yan siyasar Amurka. Mu da muka taso da Samanja da Karambana a talabijin, sannan Ibro, duk da harshenmu suka ba mu dariya. Kakar Ɗan Damagaram tana gane abin da Mamane yake faɗa?

Ɗan Damagaram: Kai Bakano, ka taɓo inda ke ciwo. Na taɓa gwada fassara wa mahaifiyata wani barkwancinsa. Wasa ne da kalmomin Faransanci, kafin in gama bayanin kalma ta farko dariyar ta mutu. Ta dube ni ta ce, to shi ke nan? Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Baffa Mai Rediyo: Wannan ƙorafin na karɓe shi, ya fi na farko nauyi. Amma ka ga shi ma yana da dalilinsa. Mutumin Bamako da na Yawunde da na Yamai, wane harshe ya haɗa su in ba wannan ba? Da Hausa zalla ya yi, da telan Alhaji bai ɗaga ƙafa daga keke ba. Sai dai abin da zan ƙara maka, ɗana, tunda kana son a kira suna: an rufe RFI a Mali a 2022, aka rufe ta a Burkina a ƙarshen shekarar, a Nijar kuma a Agustan 2023. Ba don Mamane aka rufe ba, kar a ce na ce. Amma inda aka kashe tasha sukutum, kana ganin ɗan barkwancin da ya kama sunan mai mulki zai kwana a gidansa? Kai da kake tayar da ƙurar nan, tun ɗazu nake lura, Mursi kawai ka ambata, shi ma yana kabari, kamar Mobutu da Tanja. Ambato mana mai rai ɗaya na kusa da kai.

Alhaji Na Abija: Baffa ka kashe shi!

Ɗan Damagaram: Baffa, ni ai ba a biyana don in yi barkwanci. Kuma an kira sallah, sai na dawo.

Malama 'Yar Maraɗi: Wace sallar? Ƙarfe goma sha ɗaya na safe fa.

Ɗan Damagaram: Walaha.